Ai Gudu Take So

A gidansu "Ke" ake kiranta. A makaranta kuwa Ta Biyar ake ce mata, kuma ta fi son na makarantar.

"Ke! Biredi ya ƙare."

Ƙarfe shida da kwata na safe ke nan. Ta riga ta hau da jarka huɗu daga famfon ƙasa, saboda ruwa ba ya isa hawa na uku inda suke haya. Matakalar benen arba'in da biyu ce, kuma ta san kowace ɗaya da inda simintinta ya ɓalle. Ta ajiye buroshin haƙori, ta zura silifas, ta sauka. Da ta dawo, Mama ta leƙa ledar ta ce, "Af, ashe madara ma babu. Yi maza, ai ke ba wuya."

A falo Yaya na kwance a doguwar kujera, ƙafa ɗaya a kan hannun kujerar, waya a saitin hancinsa. Shekara biyu da gama jami'arsa, har kujerar ta lotsa daidai ƙugunsa. Kekensa na jingine a ƙarƙashin matakala, wata uku ke nan tayar baya ba iska.

"In kin sauka ki biya ki karɓo mini wankina," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Yaya, zan makara fa."

"Makara? Ke da iska ke bin bayanki? Ai taimakonki muke yi. Atisaye ne kyauta. Wasu sai sun biya ake sa su gudu."

Mama ta yi dariya daga kicin. "Rabu da ita. Ai gudu take so."

Wannan 'yar maganar ita ce ta cinye yarinyar. Tun ranar da ta shigo gida da lambar yabo ta farko a wuya, ƙafafunta suka tashi daga nata suka zama kayan gida, kamar tsintsiya da bokiti. Ba mai dukanta, ba mai zaginta, ba a taɓa rage mata abinci ba. Shi ya sa babu wanda ya ga laifi. Da dariya ake aikenta, da dariya take tafiya, ita kanta ta jima ba ta san cutarta ake yi ba.

Ƙarfe huɗu na yamma kuwa duniya tata ce. Tseren da suke yi ba na zagaya fili ba ne. Kilomita biyar ne ta bayan makaranta: a ratsa gonaki, a tsallake rafi, a hau tudu, a gangaro. Kuma ba tseren mutum ɗaya ba ne. Ana haɗa matsayin da 'yan makaranta biyar suka zo, makarantar da jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ce a gaba. In huɗu kaɗai suka iso, ko da su ne na ɗaya zuwa na huɗu, sun yi aikin banza. Su kuwa biyar ne cif, ba su da ta canji.

Akwai Kyaftin, mai agogon hannu da fuskar alƙali. Akwai Doguwa, wadda takunta ɗaya biyun kowa ne. Akwai Barkono, 'yar ƙarama mai faɗa da duk tudun da ta gani. Sai Rediyo, wadda ba a taɓa ganin ƙarshen numfashinta ba balle na maganarta. Ta Biyar ita ce ke zuwa ƙarshe kullum, amma kullum tana zuwa.

"Na rantse wannan tudun ƙara masa ƙasa ake yi in mun tafi gida," in ji Rediyo suna tsakiyar hawa.

"Bakinki ne ke ƙara masa," in ji Barkono. "Rufe shi ki ga yadda zai sauko."

"In na rufe bakina injina mutuwa yake yi."

"Ku bar surutu, ku ɗaga gwiwa!" Kyaftin ta daka musu tsawa daga gaba.

Suna da ƙa'ida guda da ba malamarsu ta wasanni ce ta kafa musu ba: duk wadda ta isa bishiyar ƙarshe ba ta zama, sai ta juyo ta tari ta baya. Saboda haka Ta Biyar ba ta taɓa ƙarasa atisaye ita kaɗai ba. Kullum da rakiyar mutum huɗu take isowa, Rediyo na yi mata jiniya da baki kamar an ɗauko babban baƙo.

Saura kwana goma a yi gasar yanki, wadda makarantu uku na farko za su wuce zagaye na gaba, ƙwaurinta na hagu ya fara magana. Da farko sai in ta tashi daga barci. Sannan a matakala, in tana ɗauke da jarka. Ran Juma'a bayan an tashi makaranta ta kai wa Baba abinci shagonsa na ɗinki, ta dawo, aka ce ba ta karɓo kwanon jiya ba, ta koma, ta dawo, aka ce gas ya ƙare. Da yamma ta zo atisaye tana ɗingishi tana ɓoyewa.

Malamar wasanni ba a ɓoye mata ɗingishi. Ta zaunar da ita a kan benci, ta naɗe mata ƙafar wando, ta danna ƙashin da babban yatsa. Ta Biyar ta ƙwalla ƙara har tsuntsaye suka tashi daga kan wayar lantarki.

"Gudun da nake ba ku bai isa ya jawo wannan ba," in ji Malama. "Me kike yi in kin bar nan?"

"Ba komai, Malama. 'Yan aike-aike ne."

"'Yan aike-aike!" in ji Barkono. "Malama, ko ɗan acaɓa bai kai ta zaga gari ba."

Malama ta yagi takarda, ta rubuta wa iyayenta 'yan layuka, ta ninke ta ba ta. "Saurara da kyau. Ƙashin nan gargaɗi yake yi miki. Ki ɗauke masa nauyi mako guda. Ranar gasa, Asabar ta sama, da safe zan sake dannawa. In kika yi irin wannan ihun ba za ki yi gudu ba, ko da ku biyar ɗin za ku haɗu ku yi mini kuka. Ba zan karya ƙafar yarinya a kan kofi ba."

Kowaccensu ta san abin da hakan ke nufi: in babu ta biyar, babu makarantar.

Kyaftin ta kwance agogonta, irin mai ƙirga taku, ta ɗaura mata a hannu. "Kada ki cire. Ina so in ga yadda ake hutu a gidanku."

Mama ta karanta takardar sau biyu, ta sa ta ƙarƙashin gwangwanin sukari.

"To ai cewa ta yi kada ki yi gudu, ba ta ce kada ki yi tafiya ba. Sauka a hankali ki sayo tumatir. Ki riƙa dafa bango."

"Mama, Yaya fa?"

"Yayanki? Mai digiri guda ya je ya tsaya gaban mai tumatir yana zaɓe? Me mutane za su ce? Kuma aiki yake nema a wayar nan, kansa ya fi ƙafarki gajiya."

Daga falo aka ji 'yan kallo na ihu a cikin wayar, ƙwallo ta shiga raga.

Washegari ta zaro takardar ta kai wa Baba shago. Baba mutum ne mai sauƙin kai, tef a wuya, allura a baki. Ya karanta, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Sannu, uwata. Gaskiya ya kamata ki huta. Amma kin san ni ba na shiga sha'anin cikin gida, wannan tsakaninki da mamanki ne." Ya miƙa hannu ya ɗauko wata leda. "Ungo, miƙa wa mai kemis ɗinkinsa tunda hanyarki ce."

"Baba, ba hanyata ba ce."

"To, ai maƙwabciyar hanyarki ce."

Ran Lahadi, ranar da babu makaranta babu atisaye, agogon ya ƙirga taku dubu ashirin da uku. Ran Litinin ta shigo aji tana jan ƙafa. Kyaftin ta duba agogon, ta nuna wa sauran.

"Shi ke nan," in ji Doguwa, wadda ba ta cika magana ba. "Ƙafa takwas muke da su masu lafiya. Mu je mu karɓi aiken."

Mama ta ji daɗin zuwansu ƙwarai. "Kai, 'ya'yan kirki! Allah ya yi muku albarka. Haka ake son ƙawaye." Ta zuba musu lemo mai sanyi, sannan ta nuna musu inda jarkoki suke. Suka jeru a matakala suna miƙa wa juna ruwa hannu da hannu, Rediyo na sharhi kamar a gidan rediyon gaske: "Doguwa ta karɓa, ta ba Barkono, Barkono ta nutse, jarka ta fi ta tsawo, jama'a!" Har maƙwabta suka leƙo suna dariya. Ta Biyar na zaune a kan 'yar kujera a bakin ƙofa, tana dariya tana jin kunya.

Amma Mama ta kwana da tunani. Ran Talata ta tare su da fara'a. "Tunda kun yi yawa, labulayen nan shekara guda ba su ga ruwa ba." Bayan labule aka hau da katifu saman bene su sha rana. Baba ya aiko cewa kan keken ɗinki na bukatar a kai shi wurin mai gyara, tunda an sami masu ƙarfi. Yaya kuwa ya dubi Doguwa daga kwance ya ce, "Ke mai tsawon nan, miƙo mini cajar can." Cajar tana nesa da shi kamu ɗaya.

Ruwan safe kuma, da biredi, da madarar da ake tunawa bayan an dawo da biredi, duk suna nan a kan Ta Biyar, don ƙawaye ba sa kwana a gidan.

Da yammacin Talatar ne idon Yaya ya faɗa kan agogon.

"Ke, wa ya ba ki wannan? Ai ba na yara ba ne. Kawo in riƙe miki kada ki fasa wa mutane kaya." Ya ɗaura a hannunsa, ya juya shi, ya ɗauki hotonsa sau uku.

Ran Laraba Malama ta tsaya a bakin fili tana kallon 'yan tserenta. Doguwa na dafe da baya. Barkono ba ta ko yi wa tudu tsiwa ba. Rediyo ta yi shiru har aka zaci ba ta zo ba. Malama ta busa usur.

"Na ce mutum ɗaya ta huta, kun kawo mini biyar a gajiye. Me ya faru?"

Kyaftin ta ba ta labari tun daga jarka har kan keken ɗinki.

"Kun ji daɗi, ko? Kun taimaki 'yar'uwarku," in ji Malama. "To ba ita kuka taimaka ba. Aikin bai ragu ba, masu yinsa ne suka ƙaru. Wai gidan babu wani mai ƙafa ne?"

"Akwai, Malama," in ji Rediyo a gajiye. "Amma nasa na ado ne."

Malama ta cije leɓe don kada ta yi dariya. "Daga gobe babu gudu sai ranar gasa. Aikinku ɗaya ne: ku kwanta rigingine, ku jingina ƙafafu a bango, su huta. Umarni ne. Inda za ku yi kuma, wannan ku ya shafa."

Kyaftin ta dubi Barkono. Barkono ta yi murmushin da ba ta yi sai in ta hango tudu.

Ran Alhamis Mama ta tare su tun daga ƙofa. "Yauwa, kun zo a daidai. Ga abincin babanku nan na zuba, sai kuma kwandon..."

Kyaftin ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi. "Mama, ki yi haƙuri. Yau Malama ta ba mu aikin gida, kuma ta ce tare za mu yi."

Suka wuce falo, suka ture ɗan teburin tsakiya, suka kwanta a jere a kan darduma, suka ɗaga ƙafafu goma suka jingina a bango ƙarƙashin kalanda. Ta Biyar ce a tsakiya. Ba ta taɓa kwanciya a falon nan da rana ba.

Yaya ya sauke waya daga fuskarsa. "Wannan kuma wane irin shirme ne?"

"Atisaye ne, Yaya," in ji Barkono. "A wurinka muka koya."

"Ke!" in ji Mama daga bakin kicin. "Tashi ki kai wa babanki abinci kafin ya huce."

Ƙafafun Ta Biyar suka motsa da kansu, don sun saba ba sa jiran shawararta. Doguwa ta kama hannunta ta matse. Kyaftin ta kama ɗayan.

"Mama, ƙafata ciwo take yi," in ji Ta Biyar. "Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba?" Mama ta maimaita, kamar an yi mata magana da wani yare. Ta dubi Yaya. Yaya ya dubi wayarsa. Kwanon abinci ya zauna a kan tebur yana hucewa, kuma a gidan nan mai mutum huɗu da keke guda ba a sami wanda zai ɗauke shi ba.

Wajen ƙarfe huɗu aka ji takun Baba a matakala, yana hawa yana tsayawa. Yunwa ce ta sa ya rufe shago. Ya turo ƙofa yana haki, ya ga ƙafafu goma a sama.

"Lafiya? Bangon ne zai faɗi kuka tokare shi?"

Kyaftin ta tashi zaune ta gaishe shi. "Baba, agogona na zo karɓa, yana hannun Yaya."

Yaya ya kwance shi yana ƙunƙuni. Kyaftin ta danna nan ta danna can, ta miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Agogon yana ƙirga takun wanda ya ɗaura shi, Baba. Wannan na ran Lahadi ne, yana hannun 'yarka, bayan an ce ta huta."

Baba ya gyara tabarau. "Dubu ashirin da uku."

"Wannan kuma na jiya ne, yana hannun Yaya."

Baba ya matso da agogon kusa da idonsa. "Ɗari uku da goma sha ɗaya."

"Kuma rabi ɗaga cokali ne," in ji Rediyo daga ƙasa. "Agogon ba ya bambancewa."

Barkono ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta na girgiza.

Baba tela ne. Ana iya yi masa musu a kan komai, amma abin da aka auna ya ga lambarsa da idonsa ba ya gardama da shi. Ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya dubi ƙwaurin 'yarsa da ya ɗan kumbura, sannan ya dubi kujerar da ta lotsa.

"Agogon ne ya lalace," in ji Yaya.

"Haba, a kan ɗan aike ake wannan taron?" in ji Mama. "Ni ma haka na tashi. Mu tara ne a gidanmu, ni ce mai zuwa ko'ina, ni ce ruwa, ni ce kasuwa. Na mutu ne?"

Daga inda take kwance, Ta Biyar ba fuskar Mama take gani ba, gwiwoyinta take gani, dukansu biyu a naɗe da bandeji ƙarƙashin zane.

"Mama," in ji ta a hankali, "yaushe rabonki da sauka benen nan?"

Mama ta buɗe baki za ta ba da amsa. Wata huɗu ke nan, tun ranar da aka riƙo ta daga asibiti. Hannunta ya sauka kan gwiwarta da kansa.

Baba ya yi gyaran murya. "Kai, tashi. Famfon keke yana bayan ƙofa. Daga yau zuwa Asabar, duk abin da ake bukata daga ƙasa kai ne."

"Zuwa Asabar," in ji Yaya, ya riƙe kalmar gam.

Zuwa Asabar! Shekara uku ana hawa da sauka a kan ƙafar yarinya, adalcin da aka iya yi mata na kwana biyu ne, shi ma sai da agogo ya ba da shaida. Bakinta da ɗingishinta da takardar malamarta duk ba su isa ba.

Duk da haka kwana biyun sun yi daɗi. Jarkar farko da Yaya ya hau da ita rabi ta iso, sauran rabin yana jikin wandonsa. Ya huta a hawa na ɗaya, ya yi waya a hawa na biyu. Ya gano kuma cewa mai tumatir ba ya tambayar takardar digiri, kuma babu wanda ya tsaya kallonsa a titi. Ta Biyar ta karya kumallo a zaune ran Juma'a, har shayin ya ƙone mata harshe, don ba ta saba samunsa da zafi ba.

Ran Asabar da safe, a bayan motar makaranta, Malama ta sake danna ƙashin. Ta Biyar ta cije haƙora, ta ja numfashi, amma ba ta yi ihu ba. Malama ta daɗe tana kallon idonta.

"Da kin sami mako guda da ya lafa gaba ɗaya. Za ki yi gudu. Amma in kika ji ya soke ki kamar allura, ki tsaya nan take. Ni zan ɗauki laifin. Kin ji ni?"

"Na ji, Malama."

Makarantu goma sha biyu ne, 'yan mata sittin a kan layi. An yi ruwa jiya, gonakin sun zama taɓo. Da aka busa usur Doguwa da Kyaftin suka ɓace a gaba, Barkono ta kutsa tsakanin manya tana ture su da gwiwar hannu, aka ji muryar Rediyo tana ba wata haƙuri don ta taka ta. Ta Biyar ta kama nata takun. Ta ratsa gonaki lafiya. Ta tsallake rafi da ƙafar dama. A kan tudu ne ƙwaurin ya farka. Ba sukar allura ba ce, wani nauyi ne mai zafi da ke hawa da kowane taku. 'Yan matan da ta saba bari a baya suka riƙa wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙirga bakwai, ta daina ƙirgawa. Ta ce wa kanta zuwa dutsen can kawai. Da ta kai dutsen ta ce zuwa kututturen can.

Tana gangarowa ta ji jiniya.

Su huɗun sun gama, kuma ba su zauna ba. Sun juyo ta bayan igiyar da aka killace hanya, taɓo har gwiwa, suna gudu a gefe suna ihu. Kyaftin ta riga ta haɗa lissafin a kanta.

"Mai jar riga! Ta Biyar, mai jar rigar da ke gabanki! Ita kaɗai muke so!"

"Ɗauko ta!" in ji Barkono. "Ki ɗauka biredi ne za a rufe shago!"

Dariya ta kusa kayar da ita. Ta sunkuyar da kai, ta buɗe taku. Mai jar riga ta ji ta a bayanta, ita ma ta ƙara. Suka jera kafaɗa da kafaɗa, kowacce na jin hakin 'yar'uwarta. Saura taku goma Ta Biyar ta wuce. Ta tsallake layi ta zube a ciyawa, mutum huɗu suka zube a kanta.

Ta talatin da huɗu ta zo. Da aka haɗa jimla, makarantarsu ce ta uku, ta wuce makarantar masu jar riga da maki ɗaya tak. Rediyo ta yi jiniya har muryarta ta dishe. Malama ta ɗaura wa Ta Biyar ƙanƙara a ƙwauri, ta ce, "Da ƙafarki lafiya cikin ashirin na farko za ki zo. Mutum goma sha huɗu aka ƙwace miki, kuma ba a filin nan aka ƙwace su ba."

Gaskiya ta faɗa. A kowane layi akwai gida mai irin wannan yarinya. Wata an ce girki take so, wata an ce ita ce yara ke jin maganarta, wata an ce ba ta gajiya. Sai a ɗauki abin da yarinya ta iya a ɗaure ta da shi, wanda ya ƙi koyon komai kuma a bar masa kujera. In ta yi ƙorafi a ce yabonta ake yi. In ta yi nasara a ce tarbiyyar gida ce. Ba mugaye ne ke yin wannan ba, iyaye ne masu son 'ya'yansu, waɗanda abin ya zo musu da sauƙi suka ƙi tambayar a kan wa sauƙin yake hawa.

Bayan la'asar ta hau matakala arba'in da biyu a hankali, lambar tagulla a wuya, busasshen taɓo a wando. Baba ya juya lambar gaba da baya yana murmushi. Mama ta rungume ta, ta ce tana warin rafi. Yaya ya koma kujerarsa, an shafa masa man zafi a baya.

"Ban faɗa ba?" in ji shi. "Atisayen gidan nan ne. Rabin lambar nan tawa ce."

Ba ta daɗe da zama ba aka ji muryar Mama daga kicin, cikin ƙarar albasa a mai.

"Ke! Gishiri ya ƙare."

Ƙafarta ta dama har ta sami silifas. Ta dube ta, ta janye ta.

"An gama gasa ai," in ji Yaya. "Zuwa Asabar aka ce."

"Har yanzu Asabar ce, Yaya. Kuma saura mako uku zagaye na gaba. Gobe naka, jibi nawa, haka za mu riƙa yi." Ta zame ta kwanta a kan darduma, ta ɗaga ƙafafu ta jingina a bango ƙarƙashin kalanda. Yau babu mai riƙe mata hannu, sai ta riƙe lambar.

Baba ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Mama ta fito bakin kicin da ludayi, ɗaya hannun a kan gwiwa. Ta dubi ƙafafun da ke bango, ta dubi kujera. Albasa ta fara ƙauri.

"Tashi ka sayo gishirin," in ji ta. Yaya ya miƙe yana nishi kamar tsoho. Har ya kai ƙofa ta ce, "Tsaya, tsaya. Bari in duba abin da babu, ka haɗo gaba ɗaya, kada ka sha hawa biyu."

Ta koma kicin, aka ji tana buɗe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Ashana. Sabulu. Madarar gobe.

Ta Biyar ta kalli silin. Shekara uku tana sauka benen nan, ba a taɓa buɗe gwangwani ko ɗaya dominta ba. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai dariyar ta riga fitowa. Ƙofa ta rufe. Ta lumshe ido, tana ƙirga masa matakalar.